Yadda ake gyara ramin fulog idan tiredinsa ya cinye, ba sai an sauke hed ba

Salamu alaikum 'yan uwa fitoci da direbobi. Mota tana cikin tafiya lafiya lau sai ka ji fau! a cikin bonet, daga nan inji ya koma fat-fat-fat har wasu su ɗauka salansa ce ta fashe, ƙarfi ya ragu, warin fetur ya cika mota. Ka buɗe bonet ka tarar koyil ɗaya, wato abin da ke ba fulog wuta, ya tashi daga mazauninsa, wani lokacin ma ya tsage, fulog na rataye a bakinsa. Ko kuma ba a kan hanya ba, kana canza fulog ne a shago, kana cikin ɗaurewa sai ka ji abin ya yi laushi a hannunka yana ta juyawa baya kamawa. Duk matsala ɗaya ce, tiredin ramin fulog, wato haƙoran da fulog ke bi yana ɗauruwa, ya cinye.

A nan Kumasi in ka shiga Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota, da wannan matsala akwai wanda kai tsaye zai ce maka Alhaji sai an sauke hed, wato kan inji, ko ma a nemo wani hed na hom yus, na hannu da aka kawo daga waje. Wani lokacin gaskiya ya faɗa, zan zo kan wannan a ƙasa. Amma mafi yawan lokuta ana gyarawa hed na nan kan inji, a sare sabon tiredi mai ɗan faɗi a cikin ramin a ɗaura insat na ƙarfe wanda cikinsa daidai yake da fulog ɗinka, shikenan. In an yi shi da kyau yakan fi tiredin asali ƙarfi ma tunda fulog zai riƙa cizon ƙarfe ne ba alminiyon ba. Abu uku ne kawai ke kashe wannan aiki, tap, wato ƙarfen da ke saran tiredi, ya shiga a karkace, insat ya zama ba tsawonsa ba, ko garin alminiyon ya rage cikin silinda. Duk dogon bayanin da ke tafe kan waɗannan ukun yake zagayawa.

Me ke cinye tiredin tun farko

Hed na kusan duk ƙananan motocin da ke yawo a garin nan, Vitz, Corolla, Picanto, i10, Matiz, alminiyon ne, shi kuma jikin fulog ƙarfe ne. Idan aka yi kokawa tsakanin biyun alminiyon ne zai sha ƙasa. Babban abin da ke jawo haka shi ne ɗaurin ganganci, yaro ya zura bututu a hannun raci, sifanar nan mai ƙaras-ƙaras, ya danne da ƙarfinsa duka wai dan kar ya kwance. Sai kuma fara ɗaura fulog da raci tun juyin farko, musamman a injunan da ramin ke can ƙasa ba ka ganin komai, fulog ya hau haƙorin da ba nasa ba kai kuma ba ka ji ba dan raci ya ɓoye maka. Akwai kwance fulog inji na da zafi, direba ya tsaya a kanka yana cewa masta yi sauri fasinja na jira a Kejetia, alhali alminiyon in ya yi zafi yana laushi kuma buɗewarsa ta kai kusan ninki biyu na ƙarfe. Akwai kuma kishiyar ɗaurin ganganci, fulog da aka bari sako-sako, duk bugun da inji ya yi sai ya girgiza shi a ramin, a hankali a hankali ya cinye haƙoran har rana ɗaya ya harbo shi waje. Ƙurar hunturu ma tana nata, jan ƙasa ta taru a rijiyar fulog a kwance ba a hura ba ta bi tiredi tana gurza.

Wasu injunan kuma haka aka ƙera su. Injin Ford Triton mai bawul biyu, 4.6 da 5.4 da ke cikin F-150 da Expedition na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, haƙoran ramin fulog ɗinsa kusan huɗu ne kacal, ya yi suna wajen tofar da fulog tun a Amurka kafin ma a auno shi nan. Wanda ke da irin wannan ya nemi kit na musamman da aka yi dominsa, na gama-gari baya yi masa daɗi.

Masu trotro, bas ɗin haya, yawancin Sprinter da Grace da kuke ja dizal ne, ba su da irin wannan fulog, nasu hita fulog ne kuma wannan wani karatu ne daban.

In abin ya same ka a hanya

A ce tsakanin Ofinso da Techiman ne ba mai gyara kusa. Kar ka ci gaba da tafiya haka nan, dan injekta na wannan silinda tana ci gaba da fesa fetur fistin kuma na turo shi waje ta ramin, ga koyil a gefe yana iya ba da wuta, gobara kenan. Cire soket ɗin koyil ɗin, cire soket ɗin injektar wannan silinda kaɗai, ka ɗauke koyil da fulog ka ajiye, sai ka lallaɓa a hankali da sauran silindan zuwa wajen gyara mafi kusa. Ƙara zata dame ka amma zaka isa.

Duba kafin ka sayi komai

Bar inji ya huce sarai, in da hali ya kwana. Cire kan batir na nagetif. Hura rijiyar fulog da iska tukuna. Sai ka kalli fulog ɗin da ya fito, in ka ga farin alminiyon ya naɗe a cikin haƙoransa kaman siririyar waya to tiredin hed ne ya biyo shi, ba makawa sai insat. Haska tocila cikin ramin. Idan haƙori ɗaya ko biyu na sama ne kawai suka murɗe sauran na ƙasa suna nan da kaifinsu, ba ka buƙatar insat, abin share tiredi ya isa, wanda ake kira cesa, ka shafa masa giris ka bi da shi da hannu ya miƙe haƙoran. Akwai wani iri ma da ya fi, bak tap, ana zura shi a tsuke har ƙasa sannan a buɗa shi ya kama lafiyayyun haƙoran ciki a warwaro shi zuwa sama, kaga datti waje yake turowa kuma ba yadda za a yi ya hau a karkace. Bayan ka share, gwada ɗaura fulog zuwa ƙarfin da ya kamata. In ya kama, alhamdulillahi ka huta. In ka ji yana neman sakewa kafin ya kai, kar ka yaudari kanka ka sallami mota, zai harbo ne a hanya.

Ka kuma duba bakin fulog ɗin da kyau. In wani ɓangare na farin tangaran ko ɗan ƙarfen da ke lanƙwashe a bakinsa ya ɓace, tambayar ita ce ina ya tafi. In yana cikin silinda dole ya fito kafin a tada inji.

Girman fulog da zaɓen kit

Nan ne ake yawan asarar kuɗi, a aiki yaro ya je ya sayo "kit na fulog" ya dawo da wanda ba shi ba. Fulog iri-iri ne. Wanda ya fi yawa shi ne M14 x 1.25, wato kaurin tiredi milimita 14, tazarar haƙori 1.25. Motoci na baya-bayan nan da yawa sun koma M12 x 1.25, misali Corolla mai injin 2ZR-FE, fulog ɗinsa milimita 12 ne dogo mai tsawon tiredi 26.5 kuma bokis sifana 14 ke kwance shi, alhali Corolla ta baya mai 1ZZ-FE milimita 14 ce tsawon 19 da sifana 16. Babura kuma akwai M12 akwai M10 x 1.0, masu okada da pragya, keke mai ƙafa uku, su auna nasu kar su ɗauka ɗaya ne da na mota. Tsawon tiredi da aka fi gani su ne milimita 12.7 da 19 da 26.5. Ɗauki lafiyayyen fulog daga silindar da ke kusa ka tafi da shi shagon da kanka, ka auna da baniya, ma'aunin kauri da tsawo, a gaban mai kaya.

Sannan kalli mazaunin fulog. Wani yana da wosha a gindinsa mazauninsa a shimfiɗe, wani ba wosha gindinsa a fiƙe yake yana zama cikin mazauni mai gangara, Ford da motocin GM sun fi amfani da wannan na biyun. Insat ɗin kowanne daban ne, in ka haɗa su ba daidai ba iska zata riƙa fita ko ka ɗaure ya mutu.

Insat kansa iri biyu ne. Akwai na waya mai kama da sifirin, wanda kowa ke kira helikoyil, akwai kuma bush sukutum na ƙarfe mai tiredi ciki da waje. Ni a ramin fulog bush nake zaɓa kullum. Na waya yana da kyau a kan bol ɗin da ake ɗaurewa sau ɗaya a manta, amma fulog abu ne da ake kwancewa ana mayarwa, watarana sai ya biyo fulog ya fito, kuma yana da ɗan harshe a ƙasa da dole a karya bayan an saka, to a rijiya mai zurfi in wannan harshen ya faɗa cikin silinda ka sayi wani aikin. A cikin bush akwai Time-Sert, shi ne mai tsada kuma shi ne mai kyau, akwai Sav-A-Thread na kamfanin Heli-Coil mai ɗan ƙaiƙayi a bakinsa na sama da ake buɗawa da guduma, sai kuma marasa suna da suka cika shagunan kayan aiki a Magazin da Abossey Okai na Akra, akwati ɗaya da tap ɗaya da insat masu tsawo daban-daban. Marasa sunan ma suna aiki, amma araha bata ado, duba bakin tap ɗin da kyau ka shafa da yatsa ka ji kaifi, tap mara kaifi yagar alminiyon yake ba yanka ba. In kana da tsohon hed da aka yar a bayan shago gwada kit ɗin a kansa tukuna, wannan shawara ce ga duk wanda bai taɓa yi ba ko da kit ɗinsa mai tsada ne.

Banda kit kana buƙatar giris mai kauri, dogon ekstenshan da hannu mai siffar T, kwamfuresa da siririn bututun hurawa da zai kai cikin silinda, feshin wanke birki ko na kafireta, tsumma mai tsabta, tocila, tok renci wato sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, da sabon fulog. In akwai 'yar kyamarar nan mai igiya da ake haɗawa da waya a zura cikin rami, tana taimakawa sosai kuma yanzu bata da wahalar samu. Ka tabbata akwai iska a tankin kwamfuresa kafin ka fara, kar a ɗauke wuta kana tsakiyar aiki silinda cike da gari.

Mataki na farko, saita fistin

Mutane da yawa suna tsallake wannan, kuma shi ne ke jawo babbar ɓarna. Tap ɗin dogo ne, bakinsa yana leƙawa cikin silinda. In fistin na sama zai caka masa, in bawul na buɗe zai iya taɓa shi ya lanƙwasa, kaga daga gyaran tiredi an koma sauke hed dole. Abin da ake so shi ne bawul duka a rufe, fistin kuma ya yi ƙasa.

Sa giya a firi, ja hanbirki. Kwance sauran fulog dan inji ya yi sauƙin juyawa. Sa sifana a bol ɗin fulin kiranshaf ka juya ta inda inji ke juyawa, yaronka kuma ya toshe ramin da yatsa, in rijiya ce mai zurfi ya danna guntun tiyo a bakin ramin ya toshe ɗaya bakin da babban yatsa. Lokacin da ya ji iska na turo yatsansa to fistin na hawa ne a kan kwamfureshan, bawul a rufe suke. Zura doguwar sanda ta roba ko itace mai santsi, ba sukundireba ba, ka ci gaba da juyawa a hankali kana kallon sandar tana hawa har ta tsaya. Daga nan ƙara kwatan zagaye kawai. Fistin ya sauka wajen rabin hanya, bawul har yanzu a rufe. Kar ka ce bari in kai shi can ƙasa gaba ɗaya dan in samu fili, bawul ɗin hayaƙi yana fara buɗewa tun kafin fistin ya kai ƙasa. Mayar da sauran fulog ramukansu da hannu ko ka toshe da tsumma dan kar garin da zaka hura ya faɗa can.

Mataki na biyu, saran sabon tiredi

Tap ɗin kit ɓangare uku gare shi. Bakinsa siriri ne daidai da tiredin asali, aikinsa ya bi ragowar tsofaffin haƙora ya ja sauran a miƙe, sai wajen da ke faɗaɗa rami, sai babban tiredi na insat a sama. Ba a buƙatar dirili sam. Kuma dan Allah a ajiye bindigar iska da dirilin batir can nesa, aikin hannu ne.

Cika kwaroron tap ɗin da giris taf, shi ne zai kama garin. Zura shi a ramin ka fara juyawa da yatsu kawai riƙe da ekstenshan, har ka ji bakin ya kama ragowar haƙoran. Yanzu tsaya ka duba tsayuwarsa. Kalle shi ta gaba, ka zagaya ka kalle shi ta gefe. A rijiya mai zurfi ekstenshan ya zama yana tsakiyar rijiyar daidai, tazara ɗaya ta kowane ɓangare, wasu suna naɗa selotef a jikin ekstenshan har ya cika rijiyar dan ya zama jagora, dabara ce mai kyau. In injin irin wanda fulog ke shiga a gicciye ne, ɗaura doguwar sanda ko wani ekstenshan a kan fulog na kusa ka riƙa kwatanta su biyun. Juyi biyu ukun farko su ne aikin gaba ɗaya, in suka karkace babu gyara a gaba, wosha ba zata zauna daidai ba iska zata riƙa fita ta gefe har abada. In ramin ya cinye sumul babu abin da bakin tap zai kama, sai ka ɗan danna ƙasa kana juyawa, kuma a nan ne ya kamata ka ninka kallon tsayuwar.

Sa hannun T ka riƙe da hannu biyu dan ƙarfin ya zo daidai ta kowane gefe, raci yana jan abu gefe ɗaya. Juya rabin zagaye zuwa ɗaya, dawo baya kwata dan garin ya karye, sake gaba. Lokacin da wajen faɗaɗawa ya fara ci zaka ji nauyi, wannan daidai ne, nauyi ne mai tafiya sumul. In ka ji ya cije tsam kaman ya daki wani abu, tsaya nan take kar ka matsa, ko dai giris ya cika da gari ko ka taɓa fistin ko bawul.

Kar ka zare tap ɗin gaba ɗaya sai babban tiredin ya kama haƙori biyu ko uku, dan ya samu hanyar komawa. Daga nan duk bayan juyi biyu ko uku warware shi a hankali ka fito da shi. Zaka gan shi ya fito da gari maƙale a jiki kaman cicinga da aka barbaɗe da yaji, haka ake so, duk abin da ke jikin tap bai faɗa cikin inji ba kenan. Wanke shi tas, sabon giris, mayar da yatsu har ya hau hanyarsa, ci gaba. Eh yana cin lokaci, mai mota zai riƙa leƙowa yana tambaya masta har yanzu, ka ce masa ya je ya sha koko ya dawo. Ci gaba har babban tiredin ya ratsa ramin duka, zaka ji nauyin ya saki. Da ka ji haka tsaya, kar ka yi ta zurawa.

In Time-Sert ne akwai ƙarin abu ɗaya a nan, ana barin tap ɗin a ciki a zura abin gyara mazauni ta kansa a juya ya share wajen da bakin insat da wosha zasu zauna, sai ka ga zobe mai sheƙi ya zagaye ramin ba yankewa sannan ka cire.

Mataki na uku, fitar da gari

Maganaɗisu baya ɗaukar alminiyon, kar ka ɓata lokaci. Fara da goge sabon tiredin da tsumma a naɗe jikin sanda kana juyawa ta hagu dan dattin ya hau sama. Sai ka zura siririn bututun iska har kan fistin ka hura kana jujjuya shi, garin zai riƙa fitowa ta gefen bututun, kare idonka. In kana da injin zuƙar ƙura ɗaura masa siririn tiyo da selotef ka zuƙe, amma ka yi wannan kafin ka fesa komai a ciki, tururin fetur ko na feshin kafireta in ya shiga motar injin zuƙa yana iya kamawa da wuta. Sanda mai ɗan giris a baki ma tana ɗauko wanda ya maƙale a kan fistin. Leƙa da kyamara in akwai.

Bayan haka cire fiyus ko rile na famfon mai, cire soket na duka koyil da injekta, mayar da kan batir, a buga sitata na 'yan daƙiƙu ramin a buɗe, kowa ya kauce daga saitinsa. Fistin zai tofar da abin da ya rage. Ɗan ƙanƙanin gari mai laushi da ya kuɓuce yawanci hayaƙi ke fitar da shi, amma guntu babba yana iya maƙalewa a bakin bawul ko ya karce silinda, dan haka kar ka yi ƙyuya a nan.

Ƙarshe fesa ma sabon tiredin abin wanke birki a tsumma ka goge har giris ya fita sarai ya bushe. Gam baya kama wuri mai maiƙo.

Mataki na huɗu, saka insat

Auna zurfin ramin da waya mai ɗan ƙugiya a baki, daga mazaunin fulog zuwa inda ramin ya ƙare a ciki. Insat kada ya wuce wannan ko kaɗan, yawanci ma yakan gaza tsawon tiredin fulog da milimita ɗaya ko biyu. In ya yi tsawo bakinsa zai leƙa ɗakin wuta ya yi ja, ya riƙa kunna fetur kafin lokaci, abin da ke huda fistin kenan, ko bawul ya taɓa shi. In ya yi gajarta da yawa haƙoran fulog na ƙasa zasu zauna a fili baƙin hayaƙi ya daskare a kansu, ranar kwancewa su fito da insat ɗin gaba ɗaya.

Mai ƙaiƙayi a baki irin Sav-A-Thread, ɗaura shi a jikin fulog, gefen ƙaiƙayin yana sama wajen wosha. Ɗiga ɗan mai kaɗan a tiredin fulog kafin nan dan ya saki daga baya, ka kula kar ya taɓa bayan insat. Shafa abin da takardar kit ta ce a bayansa, wasu jan silikon mai jure zafi suke cewa wasu gam ɗin tiredi mai jure zafi irin Loctite 272, siriri kawai ban da haƙorin ƙarshe na ƙasa dan kar ya ɗiga ciki. Ɗaura da hannu har ya zauna, ɗan matsa kaɗan, warware fulog. Leƙa ka gani, bakin insat ya yi daidai da mazauni, kar ya ɗago sama ko kaɗan. Sai ka ɗora ɗan ƙarfen buɗawa da ya zo cikin kit a bakinsa ka buga da guduma sau biyu uku, bugu mai kyau amma ba na fasa dutse ba, ƙaiƙayin zai nutse cikin alminiyon ya kulle.

Time-Sert ba guduma. Ana shafa mai a ƙarfen ɗaurawa da ya zo cikin kit ɗinsa a ɗaura insat da shi, in ya zauna sai ka ji ya yi nauyi, kar ka tsaya, a lokacin ne yake buɗa haƙoran ƙasa suna cizon hed, ci gaba har ka ji ya saki sannan ka warware.

In ka sa gam ko silikon ba shi lokacin da aka rubuta a jikinsa, in mota zata iya kwana a shago ya fi.

Mataki na biyar, ɗaura fulog da gwaji

Sabon fulog, lambarsa ɗaya da sauran. Cusa kansa cikin guntun tiyo ka fara ɗaurawa da shi, in ya hau a karkace tiyon zai zame maimakon ya ɓata tiredi. Ya tafi har ƙasa da yatsu kafin sifana ta taɓa shi. A hed na alminiyon, fulog mai wosha na milimita 14 yana son Nm 25 zuwa 30 a ma'aunin tok renci, na 12 yana son 15 zuwa 20, na 10 kuma 10 zuwa 12 kacal. Mai fiƙaƙƙen gindi na 14 tsakanin 10 da 20. In littafin motar ya faɗi nasa bi na littafin. Wanda bashi da tok renci, sabon fulog na 14 mai wosha bayan ya zauna da hannu ƙara rabin zagaye zuwa kashi biyu cikin uku, mara wosha kuwa ɗan taɓi ne kawai, kashi ɗaya cikin 16 na zagaye. Fulog da aka taɓa ɗaurawa woshansa ta riga ta kwanta, kar ka ba shi rabin zagaye. Kuma NGK da kansu sun ce kar a shafa man hana cijewa a fulog ɗinsu masu farin rufi, santsin yana sa ka wuce ƙarfin da ake so ba ka sani ba.

Duba koyil ɗin da aka harbo, in robarsa ta yage ko jikinsa ya tsage canza shi, in ba haka ba inji zai ci gaba da rawa ka ɗauka aikinka ne bai yi ba. Mayar da soket da fiyus, tada inji. Zai iya ɗan yin hayaƙi na minti kaɗan saboda ragowar giris. Kasa kunne kusa da ramin ko zaka ji tsit-tsit na iska. In akwai gejin kwamfureshan gwada silindar ka kwatanta da sauran, kar bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100 da wani abu. Goge lambar matsala da na'ura in fitilar inji ta kama, irin su P0301 zuwa P0304, lambar ƙarshe ita ce silindar. Fita da motar ta yi zafi sosai, hawan Tafo ko hanyar Ofinso ya isa gwaji. Masu tasi da suka koma gas su fi kowa kula da wannan ɗaurin, fulog yana shan zafi sosai a kan gas kuma ta tiredi da mazauni yake sauke zafinsa cikin hed, in insat bai zauna daram ba fulog zai riƙa ƙonewa da wuri.

Inda dole a sauke hed

In ka ga tsaga ta tashi daga ramin fulog ta nufi wajen bawul. In an taɓa sa insat a ramin shi ma ya fito da naman hed, ramin ya yi faɗin da kit na gama-gari ba zai cika ba, duk da akwai Big-Sert da aka yi dan irin wannan in zaka samu. In wani abu mai tauri ya faɗa silinda ya ƙi fita. In ramin yana can bayan inji inda ba zaka iya tsayar da tap a miƙe kana gani ba, kaman layin baya na wasu V6, ko da yake wani lokacin cire manifol ya isa. Ko in kwamfureshan ya faɗi bayan gyara. A nan sai a kai hed wajen masu injin les a Magazin, su ɗaure shi a kan teburi su fiƙe bush daidai ramin, ko a cike da waldar agon a sake hudawa. Ka sa a lissafi sabon gasket, saita taimin, da sababbin bol na hed in injin irin wanda bol ɗinsa ke miƙewa ne ba a maimaita su.

Abubuwan da ake yi a bakin hanya kuwa, naɗa farin tef na masu famfo, naɗa wayar kofa ko guntun gwangwani a jikin fulog, cika ramin da gam ɗin aradait, ko cusa fulog mai tsawo dan ya kama haƙoran ƙasa, babu wanda ke riƙe matsin da ke cikin silinda na tsawon lokaci, na ƙarshen ma fistin yake iya daka. Kuma duk suna ƙara ɓata ramin da za a zo a gyara daga baya.

Bayan kwana biyu uku mai mota ya dawo da safe inji a sanyaye a sake ɗora tok renci a kan fulog ɗin a ji ko ya saki. Ka gaya masa silinda ta nawa ce aka sa ma insat, ka kuma sa ɗigon fenti a gefen koyil ɗin, dan duk fitan da zai canza fulog nan gaba, ko a Tamale ne ko a Nima, ya san wannan ramin sai inji ya huce ake taɓa shi, kuma in ya ji nauyi wajen kwancewa ya fesa mai ya riƙa gaba da baya a hankali maimakon ya fizge.